Faifai Uku a Garejin Siddiq

Ƙarfe uku da kwata na ranar Juma'a Kyauta mai faci ya faɗo ofishin 'yan sanda na Goronyo yana haki. Farar rigar da ya je masallaci da ita duk ta ɓaci da baƙin mai.

"Yallaɓai, mota ta danne Siddiq! Siddiq bakanike, na bakin hanyar Wurno. Ba shi motsi."

Insifekta Abdulƙadiri ya ajiye fayil ɗin da yake fifita da shi, ya ɗauki hularsa. Mutumin Dinawa ne, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, shekararsa goma sha tara a aikin. Ya yafuto Kofur Yazid suka shiga mota.

Garejin shago ne na bulo mai ƙofar ƙarfe, faɗinsa zai ci mota biyu. A ciki akwai wata tsohuwar a-kori-kura fara, an cire mata tayoyin gaba, hancinta a ƙasa. Jama'a sun riga sun ciccibi gabanta da hannu sun jawo Siddiq, sun lulluɓe shi da zane. Insifekta ya ɗaga zanen, ya dubi ƙirjin, ya mayar. Ya sa Yazid ya fitar da kowa waje, ban da Kyauta.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Sha biyu da rabi, yallaɓai. Na leƙo na ce mai mu tahi mu yi wanka, lokacin masallaci ya matso. Shina ƙarƙashin mota shina dariya, yac ce, 'Kyauta, ta shige! Wuce, ina bayanka.' Da munka sauko ban gan shi ba, shi ne na leƙo."

"Mi ke nan ta shige?"

"Giyabos."

Kyauta ya yi bayani. Motar ta Rahinatu ce, matar marigayi Sharfuddeen na Rimawa, mai fataucin albasa. Injinta ya buga, ta sayo na Beljiyam, amma na wata ƙirar mota daban. Ɗora injin bai ba Siddiq wuya ba. Haɗa shi da tsohon giyabos ɗin motar shi ne ya gagara, don faifan kulochin da ke shiga tsakaninsu ya ƙi zama. Kwana goma sha biyu yana ɗorawa yana saukewa, har abin ya zama hirar teburin mai shayi.

Insifekta ya tsuguna ya jawo jak ɗin da aka ɗaga motar da shi. Ba ya yoyon mai. Ya nemi hannunsa, ƙarfen da ake buga shi da shi kuma ake kwance shi da shi, bai gan shi a ƙasa ba. Yana can jingine da bango kusa da ƙofa, taku biyar daga motar. Ya ɗauko shi da hankici, ya ɗaure bakin jak ɗin, ya tura shi ƙarƙashin motar ya yi ta bugawa. Motar ta ɗagu. Suka tsaya suna kallo har minti biyar, ba ta sauka ko kaɗan ba.

"Lahiya lau yake," in ji Yazid.

"Wancan kututturen fa?" Insifekta ya nuna wani guntun icce mai kauri da ke yashe a gefe, ga sawun mirginawarsa a cikin baƙin mai.

"Shi yaka tokare mota da shi," in ji Kyauta. "Siddiq bai taɓa shiga ƙarƙashi ba sai ya sa shi. Ni kaina ya sha yi min hwaɗa bisa haka."

Insifekta ya miƙe yana goge hannu.

"Mutumin da ke kwance ƙarƙashin mota ba shi iya ture kututture, shi kwance jak, shi kuma tashi shi jingine hannun ga bango. Yazid, shiga ka duba min."

Yazid ya rarrafa ƙarƙashi. Giyabos ɗin ya manne da injin tsaf, ba ko ratar da takarda za ta shiga. Can ciki, bayan akwatin sifanu inda ba a hange daga waje, ya tsinci wani guntun ƙarfe mai haƙora a baki, an shafa wa gindinsa jan fenti. Ya jefa shi a buhu tare da faifan kulochi guda uku sababbi da ke kan benci, kowanne a kwalinsa.

Aka ɗauki gawar zuwa asibiti. Ƙarfe huɗu daidai Insifekta ya garƙame ƙofar garejin da kwaɗo, ya sa makullin a aljihu.

Kafin magariba suna Rimawa. Ƙofar gidan marigayi Sharfuddeen cike take da buhunan albasa, an jibge su ƙarƙashin rumfar kara, warin waɗanda suka fara ruɓewa yana tashi. Rahinatu ta fito zaure da hijabi har ƙasa. Za ta yi shekara talatin da shida. Idanunta sun kumbura.

"Malama, motarki ce ta danne shi. Mi ke tsakaninki da Siddiq?"

"Aiki, yallaɓai."

"Aiki kawai?"

"Aiki kawai." Ta kawar da kai.

"An ce min kullum sai kin hau babur kin tahi Goronyo."

"Albasata na ruɓewa, ka gani da idonka. Ba dole in tahi in ga inda anka kwana ba?"

"Wa ke gyara motag ga kahin Siddiq?"

"Baba Bube. Tun maigidana na da rai."

"Mi ya sa kinka canza?"

"Baba Bube yac ce injin bai shiga, in maida shi. Siddiq yac ce shina iya sa shi."

Muryarta ta karye a kan sunan. Daidai nan wani ya yi sallama ya shigo da hular kwano a hannu, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ƙaƙƙarfa ne, bai kai Rahinatu shekaru ba. Ta ce wannan Almustapha ne, ƙanen marigayi, shi ke tuƙa motar tun rasuwar yayansa shekara huɗu da suka wuce.

"Ina kake yau da rana?" in ji Insifekta.

"Tursa, ranka shi daɗe. Tun jiya da sahe nit tahi sunan ɗiyar kawuna. Can na yi Juma'a. Shigowata gari ke nan, bakin hanya anka tare ni da labari."

"Yaushe rabonka da garejin?"

"Laraba."

"Wa kaka zargi?"

Almustapha bai yi jinkiri ba.

"Duk Goronyo an san wanda ke jin zahin Siddiq. Tun da yaron ga yad dawo daga Kaduna yab buɗe gareji, Bube bai sake barci mai daɗi ba. Gaban mutane, teburin mai shayi, yac ce motag ga sai ta danne shi. Ku tambaya. Kuma ai ƙarhenai mai jan fenti na nan cikin garejin."

Insifekta ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Da ya ɗago, Rahinatu ta rufe fuska da hijabi kafaɗunta na rawa. Almustapha kuwa ya daina kallon 'yan sanda, ita yake kallo, muƙamuƙinsa na motsi.

"Yaya Rahinatu, ya isa haka," ya ce. "Bakanike ne fa. Ko yaya da yar rasu ba ki yi wanga kuka ba."

Ta tashi ta shige cikin gida.

Da safiyar Asabar aka ba 'yan uwa gawa, aka yi jana'iza. Insifekta na tsaye daga nesa. Almustapha na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bube bai zo ba.

Garejinsa na bayan tasha, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, tsofaffin injuna jere kamar turame. Mota ɗaya ce kacal a wurin, ita ma ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Bube dattijo ne mai furfura, yana zaune bisa taya ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, barka da hutawa. Ba ka je jana'iza ba."

"Ƙahwa ke damuna."

"Yaushe rabonka da garejin Siddiq?"

"Ban taɓa taka shi ba."

"An ce ka ce motar sai ta danne shi."

"Na hwaɗi. Aikin nika nuhi, aikin ya hi ƙarhinai. Kowa ya san abin da nika nuhi."

Insifekta ya yi wa Yazid alama. Yazid ya zaro guntun ƙarfen daga buhu ya ajiye gaban dattijon. Sannan Insifekta ya nuna sifanun da ke rataye jikin bishiya. Kowace da jan fenti a gindi.

Bube ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ɗauka, ya shafa haƙoran da babban yatsa.

"Nawa ne."

"Minene shi?"

"Bakin shaf ne na tsohon giyabos, na yanke shi tun kahin a haihi wanga kofur naka. Da shi aka saita faifan kulochi shi zauna tsakiya kahin a ɗaure. In ba a saita ba, ko ka kwana turawa giyabos bai shiga."

"Yaya anka yi yaj je can?"

"Ni nik kai shi. Jiya, wajen sha ɗaya."

"Mi ya sa ka yi min ƙarya?"

"Don na san abin da bakina yah hwaɗi gaban mutane." Ya ja numfashi. "Yallaɓai, ba ni ɓoye maka. Na yi hassadar yaron ga. Shekara goma sha biyar motar Sharfuddeen na hannuna, ko tari ta yi na san mi ke damunta. Rana guda anka ja ta da igiya, anka wuce da ita ta ƙohwar garejina zuwa wurin yaron da na girme ma ubanai. Faifan da yaka nema, na wata tsohuwar bas ne, ina da shi cikin ɗakin can. Kwana goma sha biyu ina da shi. In na ji ana mai dariya wurin mai shayi, daɗi nika ji. Allah shi gahwarta min."

"To mi ya canza?"

"Alhamis da la'asar Siddiq yaz zo nan. Yat tsuguna inda kofur ɗinka yake tsaye, yac ce, 'Baba, na kasa. Ka koya min.' Na kore shi. Amma abin ya tsaya min ga rai. Da gari ya waye na ɗauki faifan da ƙarhen ga na bi ta bayan kasuwa don kada a gan ni. Munka saita tare. Na baro shi shina shirin tura giyabos."

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

Insifekta ya sa Yazid ya zazzage faifan nan uku a ƙasa.

"Waɗanga fa? Mi ya hana su zama?"

Bube ya ɗauki na farko ya zura masa ƙarfen. Ya ƙi shiga.

"Wanga haƙoranai ashirin da ɗaya, shaf ɗin motar ashirin da huɗu." Ya ɗauki na biyu. "Wanga haƙora daidai, amma hwaɗinai ya yi yawa, murhin kulochi bai rufe shi." Ya ɗauki na uku ya juya shi. "Wanga shi ne mugun. Haƙora daidai, hwaɗi daidai. Dubi cibiyar, ta hi tsawo da kamar rabin yatsa. Sai ka ɗaure komi, ka ɗaga giyabos bisa ƙirjinka, ka tura, shi tsaya saura kaɗan. Kwana huɗu yaron ga ya yi shina zaton laihin hannunai ne."

"Kuskuren mai shago ke nan?"

"Abin da Siddiq yac ce min ke nan, wai mai shago yac ce irin wanda yaka so babu shi ko Sakkwato. Na ce shagon wa? Yac ce na Malam Musaddiq, Wurno. Na ce ƙarya ne. Shekara talatin ina sayen kaya ga Musaddiq. Shina iya kuskure sau guda, bai kuskure sau uku, kowane da irin nashi. Na ba shi lambar wayatai na ce shi kira da kainai."

"Da ba Siddiq ke zuwa sayowa ba?"

"Ina yag ga lokaci? Direban motar yaka aikawa, da takarda."

Daga nan Insifekta da Yazid suka kama hanyar Wurno. Rana ta take, kwalta na walƙiya. A hanya Insifekta ya kira wani abokin aikinsa a Rabah ya roƙe shi ya aika Tursa a yi masa tambaya guda.

Shagon Malam Musaddiq ɗan ƙarami ne, kaya har rufi. Mai shagon na da tabarau mai kauri da carbi a wuya. Da ya ji Siddiq ya rasu sai ya zauna bisa kwali yana salati.

"Jiya-jiya munka yi waya da shi!"

"Ƙarhe nawa?"

Ya lalubo wayarsa ya miƙa. Ɗaya saura minti goma.

"Mi kunka ce?"

"Ya gaishe ni, yac ce Bube yab ba shi lambata. Yat tambaye ni ko gaskiya ne ba ni da faifai mai haƙora ashirin da huɗu, gajeren cibiya. Na ce wa yac ce? Guda huɗu gare ni." Ya miƙa hannu saman kantar shagon ya sauko da kwali. "Ga su."

"Direban bai nuna maka takarda ba?"

"Ran farko ya nuna. Na karanta na ɗauko mai wanga. Yaj juya shi, yac ce a'a, bakanike ya canza magana ta waya. Yas shiga tonon kwalaye da kainai. Zuwa na biyu da na uku ko takardar bai hiddo ba. Na ukun ma har na ce mai, 'Ɗana, wanga cibiyatai doguwa ce, wace mota ce haka?' Yac ce in ba shi abin da yaz zaɓa."

"Ka gaya ma Siddiq haka?"

"Duka. Can na ji yac ce, 'To, ga shi nan ma ya shigo. Baba, bari in sake kiranka.' Yak kashe."

"Wa ya shigo?"

"Bai ambaci suna ba. Amma maganar mutum guda muka yi."

Suna fitowa wayar Insifekta ta yi ƙara. Daga Rabah ne. An yi suna a Tursa ranar Alhamis, gaskiya ne, kuma Almustapha ya kwana can. Amma kawun nasa ya ce tun hantsin Juma'a ya hau babur ya tafi, ko abincin rana bai tsaya ci ba.

Bayan la'asar Insifekta ya buɗe kwaɗon garejin. Ya aika aka zo da Rahinatu da Almustapha, Bube kuma ya zo da kansa yana jan ƙafa. Motar na nan a ɗage bisa jak, an mayar da kututturen ƙarƙashinta. Yazid ya tsaya bakin ƙofa.

Insifekta ya fara da Rahinatu.

"Malama, jiya na tambaye ki, kin ce aiki kawai. Yau an rufe shi. Ina sake tambaya."

Ta sunkuyar da kai.

"Ya nemi aurena. Na amsa. Munka bar shi sai mota ta tashi, sannan shi turo magabatanai wurin babana."

"Wa yas sani?"

"Ba kowa."

Almustapha ya jingina da bango. Insifekta ya juya gare shi.

"Jiya ka ce min ƙarhen Bube mai jan fenti na cikin garejin ga."

"Awo. Ba ku gan shi ba?"

"Mun gan shi. Kai yaushe kag gan shi?"

"Laraba, da naz zo."

"Baba Bube, yaushe kak kawo shi?"

"Juma'a, sha ɗaya."

"Juma'a, sha ɗaya," Insifekta ya maimaita. "Kahin nan shina rataye ga icce bayan tasha. Bayan nan shina ƙarƙashin motag ga, bayan akwatin sifanu, inda ba mai ganinai sai wanda yad duƙa. Ƙarhe huɗu shina cikin buhun Yazid, ƙohwa kuma da kwaɗo. Kai kuma kana Tursa."

"Mutane sunka gaya min."

"Wane mutum? Kyauta da ke maƙwabtaka da shi bai san da shi ba."

Insifekta ya matso kusa da Almustapha.

"Kawunka yac ce tun hantsi kab bar Tursa. Malam Musaddiq yac ce ran farko ya miƙa maka faifan da ke cikin takarda, kaƙ ƙi shi. Sau uku kana zaɓen wanda bai shiga. Ɗaya saura minti goma Siddiq na waya da shi bisa maganarka, yac ce ga ka nan ka shigo."

Rahinatu ta ɗago kai a hankali.

"Almu? Kai ke kawo faifan da bai shiga? Albasata na ruɓewa ƙohwar gida, kana kallo?"

"Yaya Rahinatu..."

"Kai ne?"

Almustapha ya sulale jikin bango ya zauna a cikin baƙin mai. Da ya fara magana ba Insifekta yake kallo ba.

"Shekara huɗu ni ka tuƙa ki. Sakkwato, Illela, duk inda albasa ta yi kuɗi. Ke gaba, ni ga sitiyari. In kin sha ruwa ki miƙo min gorar. Ɗiyan yaya ni ka kai su makaranta. An kawo min mata uku na ƙi. Ina jiran ki huce, ina jiran ki gane da kanki."

Ya ci gaba.

"Ran da munka jawo motag ga nan, yah hwaɗi wata magana bisa injin, kinka yi dariya. Tun da yaya yar rasu ban ji wagga dariya ba. Ni ban taɓa sa ki yin ta ba. Na ce bari in kunyata shi. In ya kasa, gari shi yi mai dariya, ki ɗauke motar ki maida ma Baba Bube, shi ke nan. Sai ga shi kullum kina hawan babur kina zuwa. Kina kawo mai fura. Kina zama bisa wancan benci har la'asar, wai kina ba shi haƙuri. Duk faifan da na kawo, kwana huɗu na ƙara muku. Da hannuna."

"Juma'a fa?" in ji Insifekta.

"Na kasa zama Tursa. Na ce in zo in gani ko ya haƙura. Na iske ba kowa bakin hanya, duk an tahi shirin masallaci. Na duƙa, na ga giyabos ya shige, ga ƙarhen Baba Bube kusa da kainai. Shina kwance shina ɗaure noti. Yac ce, 'Almu, na yi magana da Musaddiq.' Na ɗauka zagina za shi yi. Da ya zage ni da ya hi min."

"Mi yac ce?"

"Yac ce, 'Kada ka damu, ba ni gaya mata. Wata mai kamawa za a ɗaura muna aure, kai kuma ƙanena za ka zama. Ba ni son in shigo da rigima.' Yac ci gaba da ɗaurin notinai. Ko kallona bai yi ba. Ya gama da ni ke nan, har ya yahe min."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Na sa ƙahwa na ture kututturen. Ya ji ƙarar, yac ce, 'Kai, mi kaka yi?' Na kama hannun jak na murɗa. Sau guda. Ban san na jingine shi ga bango ba, wallahi ban tuna ba. Na hau babur na bi hanyar dam, na zauna bakin ruwa har rana ta yi sanyi."

Bube ya juya baya ya dafa motar. Rahinatu ba ta yi kuka ba wannan karon. Tana tsaye ƙyam, hannayenta cikin hijabi.

Insifekta ya rufe littafinsa.

"Almustapha, na kama ka bisa zargin kashe Siddiq. Sauran bayani ka yi shi ofis, a rubuce. Yazid."

Yazid ya ɗaga shi tsaye ya sa masa ankwa. Mutane sun fara taruwa a waje, ana leƙe ta saman kafaɗar juna. Sun kai bakin ƙofa Almustapha ya tirje, ya waiwayo.

"Yaya Rahinatu, abu guda. Da na hwaɗa miki tun farko, da kin yarda?"

Ta dube shi ido cikin ido.

"A'a. Ƙanena kake, ban taɓa ganinka wani abu daban ba. Amma da ka tambaya, da tun shekara huɗu ka ji a'ar ka, ka yi hushinka ka huce, ka auri wata. Da Siddiq na nan."

Almustapha ya juya. Kofur Yazid ya kama gwiwar hannunsa, ya ratsa da shi cikin jama'a, ya tura shi bayan mota ya rufe ƙofa.